Mutumin da Ke Ƙarƙashin Allura



Yau sharhinmu zai ƙetare teku zuwa Amurka da Birtaniya, mu duba wani nau'in shirin talabijin da ya yi shekara 20 yana tara 'yan kallo. Ina nufin shirye-shiryen da ake kafa kyamara a shagon masu zanen tatu, ana ɗaukar masu zanen da mutanen da suka kawo jikinsu a zana. Masu shirya su na cewa wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, kuma ta wani ɓangaren gaskiya suka faɗa. Allurar ta gaske ce, jinin na gaske ne, tawadar kuma idan ta shiga fata ta shiga ke nan. Matasanmu da yawa sun ci karo da guntayen waɗannan shirye-shirye a YouTube ko TikTok ko tashoshin tauraron ɗan'adam, ko da ba su riƙe sunayensu ba.

Bari in fara da ajiye wata magana a mazauninta. Hukuncin tatu a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya yi kakkausan hani ga mai yi da wanda ake yi wa, kuma a kansa mafi yawan malamai suka haramta shi. Wannan fagen malamai ne, sun kuma yi bayani. Abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne mutumin nan da ke kwance a kan gadon mai zane, wanda aka tuɓe wa riga aka haska masa fitila. Duk wanda ya bi tarihin waɗannan shirye-shirye zai ga yadda darajarsa ta riƙa zaizayewa daga shiri zuwa shiri, kuma wannan zaizayewa darasi ce a kan abin da kyamara ke iya yi wa ɗan'adam idan kuɗi ya shigo.

Kafin talabijin ta waiwaye ta, sana'ar tatu a Amurka sana'ar lungu ce. An san ta da ma'aikatan jirgin ruwa da sojoji da fursunoni da gungun masu manyan babura. Wani mai suna Samuel O'Reilly ne ya yi rajistar injin zane na lantarki a New York a 1891, amma wannan birni da kansa ya haramta sana'ar a 1961 bayan ɓarkewar ciwon hanta nau'in B, kuma ba a ɗage haramcin ba sai 1997. Jihar Oklahoma ba ta halatta ta ba sai 2006. Ke nan lokacin da tashar TLC ta fara nuna Miami Ink a watan Yulin 2005, akwai jihar da buɗe irin wannan shago laifi ne a cikinta. A wannan watan ne kuma tashar A&E ta fara nata shirin mai suna Inked, daga wani shago a gidan cacar Palms da ke Las Vegas.

Miami Ink ne ya kafa tubalin. Shago ne a unguwar South Beach, da Ami James da Chris Núñez da Chris Garver da Darren Brass, da yaron shagonsu ɗan Japan, Yoji Harada. Tsarin kowane kashi kusan ɗaya ne. Ƙofa za ta buɗe, mutum ya shigo riƙe da hoto ko 'yar takarda. Mai zane ya tambaye shi me yake so, kuma me ya sa. Sai labari ya ɓalle: uba ne ya rasu, ko ɗa aka binne, ko an yi jinyar ciwon daji an tashi, ko aboki ne bai dawo daga yaƙin Iraƙi ba. Mai zane ya zauna ya fitar da hoton a takarda, ya aske wurin, ya goge da magani, ya manna kwafin a fata, ya sa safar hannu. Inji ya fara ƙara kamar zuma. Hannu ɗaya na jan layi, ɗaya na miƙe fata yana share tawada da jini da tsumma. Mutumin yana cije leɓe yana ci gaba da labarinsa. A ƙarshe a kai shi gaban madubi, ya juya ya gani, sau da yawa ya fashe da kuka ya rungume mai zanen.

Ba zan raina wannan ba. Ƙato mai gemu yana hawaye a kan mahaifiyarsa, wani baƙo da bai taɓa gani ba yana saurarensa ba tare da ya katse shi ba, wannan abu ne na gaske, kuma a ƙasar da mutane da dama ba su da wanda za su zauna da shi zaman makoki, ana iya fahimtar dalilin da ya sa shagon zane ya zama wurin sauke nauyin zuciya. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na manyan Amurkawa suna da tatu, kuma kashi 69 cikin 100 na masu shi sun ce tunawa da wani ko girmama wani abu na cikin dalilansu. A wancan zamani na Miami Ink, kwastoma baƙo ne mai suna da tarihi, kuma shi ne ke faɗin abin da za a sa masa a jiki.

Amma tun a nan ɓaraka ta fara. Waɗanda ake nunawa ba masu wucewa ba ne da suka faɗo shago haka kawai. Nema suke yi, furodusoshi su tace, su zaɓi wanda labarinsa zai riƙe mai kallo har bayan talla. Wanda kawai yake son hoton damisa saboda ya burge shi ba shi da kasuwa. Wanda 'yarsa ta mutu yana da ita. Da haka baƙin ciki ya zama tikitin shiga, mutum ya koyi cewa idan yana son a haska shi sai ya buɗe ciwon da ya fi yi masa zafi a gaban miliyoyin da ba su san shi ba.

Sannan akwai abin da almakashin edita ke zubarwa, wato lokaci. Allurar tatu tana huda fata sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti ɗaya, tana ajiye tawada a shimfiɗa ta biyu ta fata, zurfin milimita 1 zuwa 2. Idan ba ta kai nan ba zanen zai kakkaɓe tare da saɓar fata. Idan ta zarce, tawada ta bazu a ƙarƙashi layi ya yi dishi-dishi. Zanen da zai rufe baya gaba ɗaya yana cin zama da yawa, a rarrabe cikin watanni. Bayan kowane zama wurin ciwo ne buɗaɗɗe: ya yi ja, ya kumbura, ya yi ɓamɓaroki, ya yi ƙaiƙayi, sai bayan mako 2 zuwa 4 saman ya warke. Kuma sai ya warke ake sanin ko aikin ya yi kyau, domin sabon zane kullum yana ƙyalli. Talabijin na nuna wannan duka cikin 'yan mintuna, ta tsaya a daidai lokacin ƙyallin. Masu sana'ar da kansu sun daɗe suna kokawa cewa mutane na shigo musu da tunanin za a zane musu hannu gaba ɗaya kafin la'asar.

Haka ma koyo. A al'adar wannan sana'a, yaron shago yakan yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye yana shara, yana wanke kayan aiki, yana koyon dafa ƙarafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, yana zane a takarda, sannan a fatar roba ko fatar alade, kafin maigidansa ya yarda ya taɓa mutum. Shi ya sa da TLC ta fito da wani shiri mai suna Tattoo School a 2011, inda ake nuna ɗalibai na koyon aikin cikin mako 2, masu zane suka yi ca, suka yi ta kiran a ƙaurace wa tashar. Sun san ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sun san a jikin wa kuskuren ɗalibin zai zauna.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Wata matashiya mai suna Kat Von D, gwanar zana fuskoki da baƙar tawada, ta shiga Miami Ink, suka saɓa da Ami James, ta koma Los Angeles aka buɗe mata LA Ink a 2007. Aka yi London Ink a wannan shekarar, da Louis Molloy wanda ya zana wa ɗan ƙwallo David Beckham mala'ikan da ke bayansa. Aka yi NY Ink a 2011. Furodusoshi sun riga sun gano cewa faɗan ma'aikatan shago ya fi kukan kwastoma jan jama'a, sai kyamara ta juya daga gado ta koma kan masu zane da rigingimunsu da soyayyarsu.

A watan Janairun 2012 tashar Spike ta fara Ink Master, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Gasa ce. Ana tara masu zane a gida ɗaya, ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage ya tafi da kyauta, wadda a farkon shirin dala 100,000 ce. A wancan lokacin mawaƙi Dave Navarro ne mai gabatarwa, Chris Núñez da Oliver Peck kuma alƙalai. Mutanen da ake zana wa a shirin ba a kiransu kwastomomi. Allon zane ake kiransu, allo mai rai. Za ka gan su a jere a tsaye, kowa ya faɗi abin da yake so da inda yake so a jikinsa. Ɗan takarar da ya ci ƙaramar gasar farko shi ke da ikon rabo: ya ɗauki wasu ƙoƙunan kai na ado, kowanne da sunan mai zane a ƙasansa, ya miƙa wa kowane mutum ɗaya. Kuma ba ya ɓoye dabararsa. Mai son zane a haƙarƙari, inda zafi ya fi yawa kuma numfashi ke motsa fata, a tura shi ga abokin hamayyar da ake so ya faɗi. Tsoho mai sakakkiyar fata, a tura shi can. Mai buƙatar abin da ba zai yiwu ba cikin lokacin da aka ɗiba, shi ma can.

Ku tsaya ku auna wannan, jama'a. Mutum ya taso daga garinsu da burin wani zane da zai mutu da shi, sai aka mayar da shi makamin da za a jefi wani. An haɗa shi da gangan da wanda ake fatan zai ɓata aikin. Wataƙila mai zanen gwani ne a furanni, yau kuma an ce fuskar mutum za a zana. An ba shi awa 6, agogo na tafiya a bango, mai gabatarwa na shelar sauran lokaci. Bayan an gama, a haska hoton zanen a babban allo, alƙalai su bi shi layi-layi: nan hannun ya karkace, nan ido ɗaya ya fi ɗaya, nan an yayyaga fata. Ɗan takarar da ya faɗi ya tattara injinansa ya koma shagonsa ya ci gaba da sana'a, sau da yawa ma da ƙarin suna. Shi kuwa mai karkataccen hannun a cinyarsa ya koma gida da shi.

Za a ce ai da ƙafarsa ya zo, ya sa hannu a takarda, kuma kyauta aka yi masa. Haka ne. Amma araha ba ta ado, kuma sa hannun mutum ba ya wanke wanda ya tsara wasan ta yadda dole kowane mako a samu wanda aka ɓata wa jiki. Gasar ba za ta yi armashi ba idan kowa ya yi aiki mai kyau. Ana buƙatar mummunan zane domin a samu wanda za a kora, kuma mummunan zanen nan a jikin wani zai kwana. A cikin 'yan takarar akwai gwanaye na ban mamaki, irin su Ryan Ashley da ta zama mace ta farko da ta ci gasar a 2016, kuma shirin ya koya wa jama'a bambance aiki mai kyau da na banza. Ban musa ba. Sai dai gwanin da ya san darajar aikinsa a shagonsa yana da ikon ce wa kwastoma: wannan ba fannina ba ne, je ka wurin wane; ko kuma, yau fatarka ta gaji, mu tsaya sai wani watan. Wannan ikon cewa a'a shi ne amanar sana'ar, shi ne kuma abin da gasar ta fara ƙwacewa.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, mu masu baƙar fata. A wannan rabon ƙoƙunan kai, an sha nuna mai duhun fata a matsayin kaya mai wuya, wanda ake tura wa abokin gaba, ana ƙorafin cewa launi ba zai fito a jikinsa ba. Masu kallo da masu zane baƙaƙe sun daɗe suna sukar wannan. Gaskiya ne tawada na zama a ƙarƙashin launin fata, saboda haka wasu launuka masu haske ba sa fitowa sosai, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu idan aka matsa mata. Amma wannan ilimi ne da ake koya, akwai kuma waɗanda suka ƙware a kai. Binciken Pew ɗin nan ya nuna kashi 39 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna da tatu, sama da kashi 32 na fararen fata. To yaya za a naɗa mutum sarkin zane alhali fatar waɗanda suka fi kowa yin abin tana ba shi tsoro? A Janairun 2020 Oliver Peck ya bar kujerar alƙalanci bayan fitowar tsofaffin hotunansa da ya shafa wa fuskarsa baƙi yana kwaikwayon baƙar fata. Shirin da ya sa masu zane baƙaƙe a gaba kuwa, Black Ink Crew na tashar VH1, wanda aka fara a 2013 a wani shago a unguwar Harlem, ya fi ba da lokacinsa ga shaye-shaye da dambe da kishi fiye da aikin hannu. Wannan ya ba ni takaici, domin dama ce ta nuna gwaninta a kan fatarmu aka salwantar.

Daga nan sai kasuwa ta koma kan da-na-sani. Tattoo Nightmares a Amurka daga 2012, Tattoo Fixers a tashar E4 ta Birtaniya daga 2015: mutum ya zo da sunan tsohuwar budurwa a wuya, ko abin kunyar da aka zana masa cikin maye a wurin yawon hutu, a yi dariya, a rufe masa da wani zanen da ya fi girma da duhu. Ƙarshen gangaren shi ne Just Tattoo of Us na MTV a Birtaniya a 2017, da ɗan'uwansa na Amurka, How Far Is Tattoo Far?, a 2018. A nan mutum biyu ne ke zuwa, miji da mata, ko saurayi da budurwa, ko aminai, ko 'yan gida ɗaya. Kowa ya zaɓa wa ɗan'uwansa zane a asirce. A zana masa ba ya gani, a rufe masa ido da baƙin tabarau, a tsayar da shi gaban madubi, sannan a cire. Sau da yawa abin da zai gani zagi ne, ko tonon asiri, ko ramuwar gayya a kan cin amana. Kyamara na nan daf da fuskarsa tana jiran lokacin da za ta narke. Shekara 12 kacal tsakanin madubin Miami Ink, inda mutum ke kukan tuna mahaifinsa, da wannan madubin, inda yake kukan an wulaƙanta shi da abin da ba zai wanku ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga alamar da ba ta gogewa. Akwai dattawa a cikinmu da askar wanzami ta rubuta musu asalinsu a kunci tun suna cikin tsumma, akwai iyayenmu mata masu jarfa a fuska, akwai masu bille da shasshawa. Wasu na alfahari da nasu, wasu sun sha tsokana a makaranta da barikin soja saboda shi. Al'adar tana ja baya, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko tatu. Mai tsaga ya san abin da matashi mai kallon guntun bidiyo a waya bai sani ba: cewa alama tana tsufa tare da mai ita, tana shiga wurin neman aure da wurin neman aiki kafin shi ya buɗe baki. Guntun bidiyon ba ya nuna sabuwar allura da ake ɓarewa daga leda, ba ya nuna tukunyar dafa ƙarafa. Najeriya kuwa na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, cutar nan da ta sa New York ta rufe shagunan shekara 36, kuma allurar da aka yi wa wani aiki da ita hanya ce gare ta, ita da nau'in C da ƙanjamau.

Kashi 24 cikin 100 na Amurkawa masu tatu sun gaya wa Pew cewa suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin nasu. Cirewa da hasken leza yana ɗaukar zama da yawa, da makonni a tsakani, yana da zafi, yakan fi zanen tsada, kuma a baƙar fata yana iya barin fari ko ƙuna, saboda hasken ba ya bambance tawada da launin fata sosai. Ita kanta Kat Von D ta rufe shagonta na Los Angeles a 2021, ta kuma yi shekaru tana lulluɓe yawancin zanen jikinta da baƙar tawada, tana cewa sun daina dacewa da ita.

Su ma masu Ink Master sun san akwai waɗanda suka bar musu ɗakin ɗauka da ɓacin rai. Abin da suka yi a kai shi ne suka buɗe wani shirin, Ink Master: Redemption. A gayyato wanda aka ɓata wa jiki, a tsayar da shi gaba da gaba da wanda ya ɓata masa, a bar su su yi cacar baki a gaban kyamara, sannan a tambaye shi ko zai sake kwanciya wannan mutumin ya ƙara zana masa wani. Wasu su fice cikin fushi, wasu su yarda su kwanta. Ko ta wace hanya aka bi, tashar ta samu kashi ɗaya na shiri, an sayar da talla a tsakiyarsa, kuma zanen farko da ya jawo maganar yana nan inda aka sa shi.